Hukuncin Aibin Da Aka Tarar A Sabon Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya mana gidajenmu su zama wurin natsuwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya jawo darasinmu na wannan mako wata tambaya ce da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini a zaure bayan sallar La'asar. Yaron nan yanzu ya zama magidanci, ya yi shekaru yana tara abin da yake samu, har ya sayar da gonar da ya gada ya cika, ya sayi sabon gida daga hannun wani mai gina gidaje yana sayarwa. An yi cinikin nan cikin watan Maris, ana tsakiyar bazara, gida yana ƙyalli da sabon fenti, ko'ina tsaf. Da damina ta kankama, cikin Agusta, sai silin ɗakin uwargida ya fara zane-zanen ruwa, gindin bango ya jiƙe yana fid da wani farin gari kamar kanwa, tsaga kuma ta taso daga kusurwar tagar falo ta nufi sama. Ya koma wurin mai gidan na farko, shi kuwa ya ce masa, ai ciniki ya riga ya faɗa, da idonka ka gani ka saya. Dillalin da ya haɗa su kuwa tun daga ranar da ya karɓi la'adarsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai ya ce mini, "Malam, shin ina da wani hakki a shari'a, ko kuwa in rungumi ƙaddara?"

Na ga ya kamata in amsa masa a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Asalin wannan babi shi ne, Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna a aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i, ya halatta mana fatauci wanda aka ƙulla bisa yardar juna. To, wanda ya yarda da gida yana zaton lafiyayye ne, alhali kuwa an lulluɓe masa ciwonsa da fenti, yardarsa ba ta faɗa a kan wannan gida da aka miƙa masa ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya tsiba shi, sai ya cusa hannunsa mai albarka a cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai kayan, shi kuwa ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya nuna masa cewa kamata ya yi ya ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya barranta daga duk mai yin algus. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, laifin mutumin nan ba jiƙewar abincin ba ce, domin ruwan sama ba shi ya saukar da shi ba, laifinsa ɓoyewar. Na biyu kuwa, wanda mu masu saye muka fi mantawa da shi, Annabi bai tsaya ga kallon saman tsibin ba, sai da ya sa hannu can ciki.

Malaman fiƙihu suna kiran ɓoye aibi da sunan tadlisi. Da yake koyar da Larabci ne sana'ata, bari in ɗan tsaya a kan kalmar. Asalinta daga dalas ne, watau duhu, kamar dai a ce mai sayarwa ya jawo mai saye cikin duhu ya miƙa masa kaya. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya jera tadlisi da algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, a littafinsa Risala da kowane almajiri a ƙasar nan ya sani. Kuma bai wadatar mai sayarwa ya ce, "Gida dai ga shi nan da aibinsa duka, na sayar maka yadda ka gan shi." A mazhabar Imamu Malik wajibi ne ya ambaci abin da ya sani dalla-dalla, ya kai mai saye wurin ya nuna masa, ba ya dunƙule magana ba. Malaman Hanafiyya sun sauƙaƙa game da sharaɗin barranta daga kowane aibi, amma a meshhurin mazhabarmu irin wannan sharaɗi ba ya amfanin mai sayar da gida. Saboda haka wannan layi da ake cusawa a ƙarshen takardar ciniki ba ya wanke wanda ya san rufinsa yana yoyo ya yi shiru.

Sai dai gida yana da hukunci nasa na dabam, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Idan ka sayi riga ko akuya ka tarar da tsohon aibi mai rage daraja, zaɓi biyu gare ka, ko ka riƙe ba a ba ka kome ba, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka. Gida kuwa malamai sun lura cewa da wuya a sami wanda ba shi da wani ɗan abin cewa, kuma aibinsa yana gyaruwa, in da za a buɗe ƙofar mayarwa saboda kowane ɗan abu, da cinikin gida bai taɓa tabbata ba. Don haka suka kasa aibin gida uku. Alƙali Ibnu Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, ya tsara wannan rabo a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi.

Kashi na farko shi ne aibin da ba ya taɓa farashi ko kaɗan, kamar ɗan ɓantarewar dakali ko siririyar tsagar yaɓe wadda ba ta shiga bulo ba. Wannan ba mayarwa, ba kuma biyan kome. Kashi na biyu shi ne wanda yake rage wani abu daga kuɗin gidan amma bai kai mai yawa ba, misalin da malamai suka bayar kuwa shi ne tsagar bango wadda ba a jin tsoron gidan ya faɗi saboda ita. A nan ciniki yana nan daram, amma mai saye zai komo wa mai sayarwa da kimar aibin, abin da ake kira arshi. Kashi na uku shi ne aibi mai yawa, wanda yake ba mai saye ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Malamai sun saɓa game da iyakar yawan, waɗansu suka ce rubu'in kuɗin, waɗansu suka ce ushiri, amma abin da mai Tuhfa ya tafi a kai shi ne sulusi zuwa sama. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya tsananta game da tsagar da ke bangon fuskar gida, ya kuma haɗa da aibin da ke yanke wani amfani daga amfanonin gidan, ya yi misali da rijiya mai ruwan zartsi a unguwar da rijiyoyinta suke da ruwan daɗi. Haka nan duk tsagar da ake tsoron rushewa saboda ita, ta shiga cikin mai yawa.

Yadda ake fid da arshi yana bukatar misali, domin na sha ganin ana rikita shi da kuɗin gyara. A ƙaddara ka sayi gida naira miliyan 9. Masana suka duba suka ce, in da lafiyayye ne a ranar ciniki kimarsa miliyan 10 ce, da wannan aibi kuwa miliyan 8. Aibin ya ci humusin kima ke nan, watau kashi ɗaya cikin biyar. To, ba miliyan 2 za a mayar maka ba, humusin abin da ka biya za a mayar, watau naira 1,800,000. Da a ce kimarsa da aibin ta faɗo zuwa miliyan 6, ta haura sulusi, sai a ce maka ga zaɓi, ka riƙe ko ka mayar. In kuwa ka mayar, zaman da ka yi a ciki ko kuɗin hayar da ka karɓa kafin mayarwa naka ne, domin da gidan ya ƙone a wannan tsakani kai ne da hasara, kuma hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaura amfanin abu a kan wanda lamuninsa yake wuyansa.

Yanzu sai mu juyo kan mai saye, domin wannan hakki da shari'a ta ba shi tana iya karɓe shi saboda sakacinsa. Aibin da yake a fili, wanda ka gani lokacin ciniki ko kuwa ba ya ɓoyuwa ga mai dubawa irinka, ba ka da bakin magana a kansa daga baya. Wanda ka gano bayan ciniki kuma, in ka yi abin da ke nuna ka yarda, kamar ka sa gidan a kasuwa ko ka yi shiru kwana da kwanaki ba da wani uzuri ba, hakkinka ya faɗi. Malamai sun ƙuntata lokacin ƙwarai, har suka ce wanda ya yi shiru kamar yini guda ba uzuri sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ce. Ci gaba da zama a gidan lokacin da ake cikin husuma ba a lissafa shi yarda ba, domin zama ba ya rage gida. Amma wannan kunya tamu ta cewa bari dai a ga ƙarshen damina, ko kuwa ai surukin wane ne, ba na son a ji kanmu, ita ce take cinye hakkin mutane da yawa. Abin da ya fi muni kuma shi ne mutum ya kira birkila ya toshe tsagar tun kafin shaidu su gani, ya shafe hujjarsa da hannunsa. Dalili kuwa, in aka yi jayayya a kan ko aibin tsoho ne ko kuwa a hannun mai saye ya faru, maganar mai sayarwa ake kamawa, sai fa in masana sun shaidi cewa irin wannan aibi ba ya faruwa cikin ɗan wannan lokaci.

Su wane ne masanan? Masu sana'ar ne. A birnin Tunis, cikin ƙarni na 8 bayan Hijira, an yi wani magini ana ce da shi Ibnur Rami, wanda alƙalan garin suke aikawa ya duba bango da magudanar ruwa in an kawo ƙara, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini mai suna Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Mu ma a garuruwanmu akwai sarautar sarkin magina tun zamanin ginin ƙasa da azara. Yau kuwa da gini ya koma na siminti da rodi, injiniyan gini shi ne ya hau wannan matsayi, kuma malamanmu sun yarda a karɓi maganar masani game da aibi ko da ba Musulmi ba ne in ba a sami wani ba, domin labari ake nema daga gare shi a kan abin da ya ƙware. To, tun da alƙali da kansa ba zai yanke hukunci ba sai ya aiki masani, mene ne ya hana mai saye ya ɗauki masanin tun kafin ya ƙirga kuɗinsa? Na ga mutumin da ya biya dillali la'ada mai tsoka ba da ko gezau ba, amma ya ga ƙyashin ɗan abin da zai ba injiniya ya zaga gidan na yini guda.

Ni ba magini ba ne, amma na gina nawa, na kuma zauna da masu sana'ar na ji daga bakinsu. Abin da suka fi nanatawa shi ne, ruwa ne alƙalin gini. Wanda ya sami iko ya duba gida da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida, da inda indararo yake zubarwa, da ko silin ya yi tabo. In kuwa da rani ne, ya sa yaro ya hau cikin rufi da rana tsaka, duk inda haske ya ɓullo ta kwano nan ruwa zai bi, ya kuma duba katakon ko gara ta fara shi. Ya ɗebi bokitin ruwa ya kwarara a banɗaki ya tsaya ya ga ina ruwan ya nufa, mafita ko ƙofar ɗaki. Ya dubi gindin bango daga ciki da waje, in fenti yana kumbura ko yana fid da farin gari, danshi ne yake hawowa daga ƙasa, kuma sau da yawa alama ce ta cewa ba a yi wa harsashin abin tare danshi ba. Wannan ciwo ne da sabon fenti yake rufewa wata biyu ko uku kawai. In ka ga bango guda ya fi 'yan'uwansa sabon shafe, tambayi dalili.

Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya mai kama da yanar gizo-gizo a fuskar yaɓe galibi daga bushewar siminti take, ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman in ta fi faɗi a gefe guda ko ta ɓulla ta ɗaya fuskar bangon, domin wannan tana nuna ƙasa tana motsi a ƙarƙashin harsashi. Ƙofar da take cijewa a sabon gida ita ma shaida ce, kada a yi saurin ɗora wa kafinta laifi. Ka ƙwanƙwasa yaɓe da tayil da bayan makulli, inda ya yi amon ganga to bai kama ba. Ka sami inda bulo yake tsirara, kamar bayan katanga, ka karce shi da ƙusa, in yana zuba kamar garin kwaki ka san an shayar da buhun siminti yashin da ya fi ƙarfinsa. Buhun nan kilo 50 ne, ba ya ƙaruwa, abin da ake ƙarawa yashi ne, kuma mai yin haka ya shiga sahun masu tauye mudu da Allah ya yi wa narko a farkon Suratul Muɗaffifina. Kankare kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, yana kuma bukatar a riƙa ba shi ruwa a kwanakinsa na farko, don haka gidan bene da aka ce maka an tayar da shi cikin 'yan makonni, wannan abin tambaya ne ba abin yabo ba. Kada a ɗauka maganar kuɗi ce kaɗai. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta ya kashe fiye da mutum 40, a watan Yulin 2024 kuma ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu.

Sauran abubuwa sai a bi su da sauri. A kunna kowace fitila da kowane famfo, a kira mai aikin lantarki ya duba kaurin wayar da aka binne, domin siririyar waya ita take ɗaukar zafi ta haddasa gobara. A auna tsakanin rijiya da ramin masai, ma'aikatan lafiya suna son a sami kamar mita 30, abin da ƙananan filayenmu na yanzu ba safai suke bayarwa ba, rijiyar da najasa ta canja mata wari ko ɗanɗano kuwa ba ta sha ba ta alwala. A duba ko akwai tagar da take leƙa tsakar gidan maƙwabci, ko indararon da yake zuba a gidansa, domin shari'a tana iya tilasta maka toshe su, ka gaji rigimar da ba kai ka tayar ba. Sau da yawa ana tambayata game da masai mai fuskantar alƙibla. A mazhabarmu hanin ya shafi fili ne, an yi rangwame a cikin gine-gine, saboda haka ba aibin da ake mayar da gida dominsa ba ne, ko da yake wanda ya kauce masa ya kyauta. Daga nan sai ka gai da maƙwabta, ka zauna da su kaɗan. Su ne suka ga lokacin da ake haƙa harsashi, su ne suka san ko filin nan kududdufi ne da aka cike da shara.

Akwai kuma wata ƙofa da shari'a ta buɗe wadda ban cika ganin ana shiga ba, watau cinikin zaɓi. Ya halatta ku ƙulla ciniki bisa sharaɗin kana da zaɓi zuwa wani lokaci sananne don ka bincika ka yi shawara, kuma malamanmu sun ba gida kamar wata guda, saɓanin tufa ko dabba da ake ba 'yan kwanaki. Sharaɗinsa shi ne kada mai sayarwa ya gindaya cewa sai an biya shi kuɗin a cikin wannan lokaci, domin kuɗin zai zama yana yawo tsakanin bashi da farashi, amma in mai saye ya bayar don kansa ba da sharaɗi ba, babu laifi. Kuma ba a tarewa a gidan kyauta cikin kwanakin zaɓi. Wata guda ya isa a kawo injiniya, a ga ruwa ɗaya ko biyu in da damina ne, a kuma bincika takardun fili. A rubuta wannan sharaɗi a takarda a gaban shaidu, tare da duk aibin da mai sayarwa ya ambata da bakinsa.

Game da ɗalibina kuwa, na tambaye shi yaushe ya koma wa mai gidan, ya ce washegarin ranar da ya ga tsagar, tare da ƙanen mahaifinsa da limamin unguwarsu. Na ce to ka tsare hakkinka. Na hana shi taɓa bangon, na ce ya nemo injiniya ya rubuta abin da ya gani da kimar gidan da aibi da kuma ba aibi, sa'an nan a nemi sulhu ta hannun manya, in ya ƙi sai gaban alƙali. Yoyon rufi da danshin bango, a ganina, ba za su wuce kashi na biyu ba, tsagar nan ta falo ita ce za ta raba gardama, kuma ba ni ne mai faɗin zurfinta ba.

Wanda ya ba magini kwangila ya gina masa a filinsa, hukuncinsa dabam ne da na mai sayen ginannen gida, domin wannan babin ijara ne da lamunin masu sana'a. Shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.